Yadda Kakana Ya Zaɓi Wasan Tseren Mota

Na manta abubuwa da yawa na waɗancan shekarun na wuya, wasu ma da gangan na manta da su. Amma daminar da na zaunar da kakana a gaban kwamfuta don ya zaɓi wasan tseren mota, wannan kam ko na so in manta ba za ta mantu ba. Har yau idan na tuna ta da dariya nake farawa, kafin in ankara sai in ji idona ya ciko.

A lokacin na gama difloma a fannin kwamfuta, na yi yawon kai takardu ofis-ofis a Kano har takalmina ya suɗe, na haƙura na tattara na koma ƙauyenmu da ke can gefen Kunci. Shekarun nan ne da fetur ya yi tashin gwauron zabi, taki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Duka-duka abin da na dawo da shi tsohuwar kwamfuta ce ta hannu, sai ƙaramin farantin sola da nake yi wa mutane cajin waya da shi a zauren gidanmu. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka ba ta tashi sai rana ta take, daga hantsi zuwa azahar. Hadari kuwa na tasowa take riga kowa yin shiru. Mutanen gari suka sa mini suna Injiniya, ni kuma a lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Kakana tsohon direban babbar mota ne. Ya fi shekara arba'in yana ɗaukar gyaɗa da shanu zuwa kudu, ya dawo da goro da manja, kuma yana alfahari da cewa ko akuya bai taɓa takawa ba. Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan nema. Tsakaninmu akwai wasan nan na jika da kaka, kullum zargina yake wai matarsa nake nema in ƙwace. Ita kuma kakata, wadda muke kira Iya, sai ta ƙara wa wutar fetur, ta ce ai da tsohon zuma ake magani, amma sabon ma ba ta ƙi ba.

Ana saura wata biyu ruwa ya sauka, hawan jini ya kayar da shi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taimaka ƙafar ta dawo, yana ɗan takawa da sanda, baki ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi. Likitan gashin ƙashi a birni ya ce a riƙa kawo shi sau biyu a mako, mu kuma muka dubi kuɗin mota muka dubi juna. Da ya gane halin da muke ciki sai ya ba mu wata 'yar ƙwallon roba, ya ce Tsoho ya riƙa matsa ta kullum, ya kuma gaya mana gaskiya: idan hannun ya ƙare watannin nan a naɗe, to ya sandare ke nan, ba zai ƙara buɗewa ba. Muna isa gida Tsoho ya wurga ƙwallon bayan danga, ya ce bai yi wasan ƙwallo da ƙuruciya ba, ba da furfura zai fara ba. Ya cusa hannun cikin riga ya bar shi a can, ko gaisuwa aka zo ba ya bari a gan shi.

Sai kuma ya rage ci. Loma uku, huɗu, ya ture kwano. Mun ɗauka ciwon ne, wasu suka ce tausayin yara yake ji saboda hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Wata rana da safe Iya ta ja ni bayan turken awaki, ta waiga ta tabbata ba kowa, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba ciwo ne ya hana shi ci ba, kuma ba tattalin hatsi yake ba. Kewayawa yake gudu. Hannu ɗaya ba ya riƙe buta ya kuma yi tsarki, sai na bi shi na zuba masa. Mutumin da ko ruwan alwala bai taɓa bari na zuba masa ba. Shi ya sa ba ya ci, don kada ya shiga."

Maganar ta dake ni ƙwarai. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji tsoro, don na ga wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. A ranar na gane cewa idan hannun nan bai buɗe ba, ba hawan jini ne zai kashe Tsoho ba, kunya ce za ta cinye shi a zaune.

Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba, shi ya ba ni ba tare da ya sani ba. Akwai wani ɗan wasan mota a kwamfutar da nake ɓata lokaci da shi idan babu masu caji. Ina cikin yi wata rana, injin yana ta gurnani, sai na ji murya daga cikin gida ta tsallako katanga.

"Wane mara imanin ne yake kashe injin nan? Ba ka ji yana kukan giya ba? Ka canza masa mana."

Wata biyu rabon da in ji ya ɗaga murya haka. Na zauna ina kallon allon madannai, dabara tana haɗuwa a kaina. A irin waɗannan wasannin kai ne kake zaɓar madannin da zai yi kowane aiki. Na ce zan bar totur da sitiyari a kan kibiyoyin nan na hannun dama, in kai birki can ƙarshen hagu, inda hannun dama ba zai kai ba sai ya saki sitiyari. Direba kuwa dole ya taka birki. Na ji daɗin kaina sosai a ranar, har na yarda sunan Injiniya ya dace da ni.

Abin da ya rage shi ne samun wasan da zai kama shi, don nawa na yara ne, motar ciki ma kunnuwa gare ta. Na bi wata a-kori-kura mai kai awaki na sauka a Bacirawa, wurin wani mai shagon tura finafinai a waya da muka yi makaranta tare. Ya juya kwamfutar tawa gaba da baya, ya yi dariya, ya ce kafin mutum ya zaɓi wasa sai ya fara sanin ƙarfin na'urarsa, kuma tawa ta kusa karɓar fansho. Ya ce tunda ƙauye zan kai, sai wanda ba ya neman data. Sannan ya tambaye ni wane iri nake so, na nishaɗi wanda mota take tashi sama ta dira lafiya, ko wanda aka kwaikwayi mota ta gaskiya da nauyinta da santsinta. Ni kuwa na ce ya ba ni wanda ya fi kyan hoto, don a ganina tsoho ɗan ƙauye da hoto za a burge shi. Ya tura mini biyu. Har na miƙe zan tafi ya ce in dawo, ya ƙara mini wani tsoho da babu mai tambayarsa, ya ce gyara ce, kamar yadda mai awo yake ƙara maka ɗan hannu a kan mudu.

Fito da Tsoho zaure ma sai da na yi siyasa. Na ce masa wasanni uku na samo zan riƙa sa wa matasa suna biya, amma ban san wanda ya fi kama da mota ta gaskiya ba, kuma duk garin babu wanda zai iya rabewa sai shi. Ya ce ya san ƙarya nake, amma zai zo ya ga iyakar ƙaryar. Na kife turmi na ɗora kwamfutar a kai, na jingina masa matashi a bango, na nuna masa kibiyoyin, na nuna masa birki can a hagu. Ya dubi birkin, ya dube ni.

Na farko na tseren cikin birni ne, fitilu ko'ina, motoci suna sheƙi. Kafin ya taɓa komai sai da ya karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe. Sannan ya tambaye ni motar wa ce, an duba mai da ruwa, kuma ina za mu. Na ce tsere ne kawai. Aka ba da hannu, sauran motocin suka ɓace kamar an kore su, Tsoho ya kama gefen dama na titi yana tafiya a hankali, irin tafiyar mai ɗauke da ƙwai. Can sai ga motar 'yan sanda a bayansa da jiniya. Ya gangara gefen titi, ya ɗaga yatsa daga totur, motar ta tsaya da kanta, ya ce in miƙo takardu. Na ce ai a wasan nan gudu ake yi, a tsere musu. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ya ce, "In gudu? Me na sata?"

Na karɓa don in nuna masa yadda ake yi, na kwasa a guje, na je na rungumi turken wutar lantarki da gaban motar. Motar ta ja baya ta ci gaba, ko fitila ba ta fashe ba. Nan ya yanke hukunci. Ya ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin hatsari da idonsa ba, kuma wasan da yake koya wa yara guje wa hukuma ba za a kunna shi a zaurensa ba.

Na biyu shi ne wanda mai shagon ya fi yabo, kuma shi na sa wa rai. Motoci ne faka-faka masu kujera ɗaya, a wani fili da aka kewaye da 'yan kallo. Hoton kam ba a magana. Matsalar ita ce ya fi ƙarfin kwamfutar, ta ɗau zafi tana huci, motar ta tafi ta tsaya, ta tafi ta tsaya, har Tsoho ya ce datti ne a cikin man. Ya daure ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu, sai na ga ya ƙanƙance ido yana duban wani allo a bakin hanya. Ya ce ai mun wuce allon nan ɗazu, ko ɓata muka yi? Na yi masa bayani cewa haka ake yi, zagayawa ake ta yi har sau goma. Ya ɗauke hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"A wannan marrar, da man nan da tsadarsa, mutum ya ƙona tanki guda ya dawo inda ya tashi? Kuma motar ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Ɗan nema, kai da masu wannan wasan duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, ga zirga-zirga, ba inda aka je."

Wannan ta shige ni, don na san yawon neman aikina yake nufi, amma na shanye. Ban so ma in kunna na ukun ba. Hotonsa dishi-dishi, bishiyoyin kamar an yanka su da almakashi, motocin tsofaffi. Hanyar burji ce ta cikin daji, da gargada da kududdufai da gangara. Amma Tsoho yana shiga kududdufin farko, bayan motar ya ɗan zame, sai na ga ya gyara zama. Ya koma ya sake shiga wani da gangan. Ya hau tudu ya ji injin ya canza murya. Ya goga gefen motar a jikin dutse, ƙofar ta lotse ta kuma zauna a lotse. Ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya ce wanda ya yi wannan ya taɓa kwana a hanya. Haka aka yi zaɓen. Biyun da na sha wahala a kansu suka faɗi, gyara ta ci.

Sai dai dabarata ta sha ruwa. Tsoho ba ya taka birki. Kullum da hantsi zai fito, ya yi addu'arsa, ya kama hanya a hankali, tun kwana tana nesa ya ɗaga yatsa daga totur motar ta rage da kanta, ya shige sumul. Da na yi magana sai ya ce direban da ya dogara da birki bai gama koyo ba. Sauran motocin kuwa daga tashi ba ya ƙara ganinsu, sai su isa su huce kafin ya iso. Allo ya rubuta masa na ƙarshe, shi kuma ya ce alhamdu lillahi, mun sauka lafiya. Iya takan ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bayansa tana tsince wake, wai ita fasinja ce, tana mita an cika tafiyar hawainiya.

Mako uku muka yi a haka. Gero ya yi kara, watannin da likita ya faɗa suna ta ƙarewa, hannu yana nan cikin riga, kwano yana dawowa da tuwo. Na canza masa hanya mai gangara, ya sauka da dabara. Na ba shi mota mai ƙarfi, ya lallaɓa ta. Wata rana haƙurina ya ƙare, na manta da wasa, na ce masa cikin fushi don Allah ko sau ɗaya ya taɓa birkin nan. Ya amsa idonsa a kan allo, kuma babu wasa a muryarsa.

"Ka zaci ban gane dalilin da ka kai shi can ba? Tun ranar farko na gane. Na gwada hannun nan ni kaɗai a ɗaki, ba sau ɗaya ba. Ba ya jin magana. Ba zan fito da shi a gaban mutane yana rawa a yi ta ce mini sannu ba. Ka bar ni in yi tuƙina."

Na ji haushin kaina, don na ɗauka wayo nake yi masa, ashe shi yake lallaɓa ni. Daga ranar na fid da rai. Na bar birkin a inda yake saboda kasala kawai, na ce ko ba komai wasan yana fito da shi zaure yana shan iska.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta fito tas, kowa ya tafi gona sai mu uku a zaure. Ba ni da wata dabara a raina, tsokana ce kawai irin ta kullum. Na ce wa Iya ni fa na gaji da ganin ana wahalar da ita a motar da kullum ita ce ta ƙarshe, yau idan ya sake zuwa na ƙarshe ta tattaro kayanta ta dawo ɗakina. Iya ba ta ko ɗago daga wakenta ba, ta ce dama ita tun tana budurwa mai zuwa na ɗaya take so, ƙaddara ce ta haɗa ta da wannan. Tsoho ya yi gyaran murya. Ya tura hularsa ƙeya, ya ce a sa masa hanyar nan mai laka.

Ashe duk tafiyar hawainiyar nan haddace hanya yake yi. Ya san kowane rami, ya san inda laka take da zurfi, ya san kwanar da take yaudara. Aka ba da hannu ya danne totur, karo na farko tun da muka fara. Motocin kwamfuta suna shiga kududdufi suna watsewa, shi yana bin gefe inda ƙasa take da tauri. Ya wuce ta farko. Ya wuce ta biyu a kan tudu, har yana ce mata a gyara. Iya ta ajiye faifan wake. Ni kuwa na durƙusa a gefensa ina ƙirga motocin da suka rage, bakina ya ƙi rufuwa. Kafin gangara ta ƙarshe saura mota ɗaya a gabansa, wata ja, ga tutar ƙarshen tsere ana hangowa can ƙasa.

Gangarar tana da kwana a tsakiyarta. Jar motar ta shige ta da gudun da ya wuce kima, ƙafafunta na baya suka zame, ta daki bakin hanya, ta wuntsila sau biyu ta kife a cikin rami, tayoyi a sama, hayaƙi yana tashi. Na yi tsalle na ce, "Wuce, Tsoho, ka ci!"

Ya ɗaga yatsa daga totur, amma a wannan gudun, a kan gangara, motar ba ta ko rage ba. Hannun dama kuma yana riƙe da sitiyari a tsakiyar kwana, idan ya saki shi ma ramin zai bi. Ni allo nake kallo, don haka ban ga fitowarsa ba. Ji kawai na yi an daki madannai. Da na duba, hannun hagu ne a waje, a ƙanƙame, siriri, yana rawa tun daga kafaɗa, ya faɗa a kan madannin birki da bayan yatsu. Ya zame, ya sake ɗagowa da ƙyar ya danne, wannan karon ya riƙe. Motar ta ja ƙafa a cikin laka, ta karkace, ta tsaya daidai gefen wadda ta kife.

Motocin da ya sha wahalar wucewa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka wuce mu. Tsoho ko kallonsu bai yi ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allo yana leƙen motar da ke cikin rami, ya ce ina ake buɗe ƙofa. Na ce ba a buɗewa. Ya ce to a ina ake yin oda a kira mutane. Na ce Tsoho, babu kowa a ciki, kwamfuta ce take tuƙa ta.

"Ko babu kowa," in ji shi, yana haki. "Direba ba ya wuce mota a kife. Ko maƙiyinka ne, ko kana ɗauke da kayan da za su lalace, sai ka tsaya. Ranar da ubangidana ya miƙa mini mukulli abin da ya fara sa ni na ɗauki alkawari a kai ke nan. Waɗancan da suka wuce ba direbobi ba ne."

Wasan yana da wata al'ada, idan mota ta lalace takan ɗan jima sannan ta ɓace daga allo. Shi bai taɓa gani ba, don da can kafin ya iso an share komai. Muna kallo jar motar ta ɓace. Ya juyo da sauri ya ce ina take. Ban san lokacin da na ce an ɗauke direban an kai asibiti ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to Allah ya ba shi lafiya.

Sai a lokacin muka waiwayi Iya. Ba allo take kallo ba. Hannun take kallo, yana nan a kan madannin, yatsa biyu sun ɗan buɗe, sauran a naɗe. Ta sa bakin mayafinta ta rufe baki, hawaye yana bin kuncinta. Tsoho ya bi idonta ya ga abin da take gani. Ya daɗe yana kallon hannun kamar baƙo ne ya shigo ba sallama. Na jira ya mayar da shi cikin riga. Bai mayar ba. Ya ɗaga shi a hankali, motar ta fara gangarawa, ya sake dannawa ta tsaya. Ya yi haka sau uku, muna ji muna gani, ba wanda ya ce masa sannu. Sannan ya ƙarasa gangarar ya tsallake tuta, allo ya rubuta masa na ƙarshe kamar kullum. Ya ce wa Iya tana iya tafiya ɗakin ɗan nema idan ta ga dama. Ta ce ta fasa.

Ba zan ce hannun ya warke ba, don ƙarya ba kyau. Yatsa biyu na ƙarshe har ya koma ga Allah ba su miƙe ba. Amma daga ranar ya riƙa bin motocin nan a guje kullum, ba don ya ci ba, sai don ya kasance kusa idan wata ta faɗi, kuma a hanyar laka ba a rasa mai faɗuwa. Wata rana sai ya tsaya sau biyar kafin azahar. Ni da na san sirrin sai na riƙa zaɓo masa hanyoyin da suka fi santsi, shi da ya san na sani bai taɓa tanka mini ba. Ana cikin yankan gero, wata safiya ina share zaure, na hango shi ya fito daga ɗaki ya ɗauki buta da kansa ya nufi bayan gida. Iya ta yunƙura za ta tashi, ya ce ta zauna. Ta zauna. Ni kuma na juya baya na ci gaba da shara a wurin da na riga na share, don kada ya ga fuskata.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana cin tuwonsa har da neman ƙari. Ni kuwa abin da na koya ya fi abin da diflomar ta koya mini. Likita ya ce ya motsa hannun don lafiyarsa, ya ƙi. Na roƙe shi ya motsa don mutuncinsa, ya ƙi. Yunwa ma ba ta sa ya motsa ba. Amma da ya ga wani a cikin rami, wanda bai sani ba, wanda ma babu shi, hannun bai tsaya shawara da shi ba. Akwai mutanen da Allah ya yi su a haka, ba za su iya tashi don kansu ba, sai don wani. Shi ya sa har yau idan na ga dattijo ya naɗe hannu ya fid da rai, ba na ce masa ya taimaki kansa. Nakan je in nemo masa wanda zai taimaka.